Wanda Ya Sauya wa Dattijuwa Mai

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Litinin aka jawo Dattijuwa cikin gareji da sarƙa. Babbar mota ce mai ƙafa goma, ta shekara talatin da ɗoriya tana dakon siminti, kuma a iya sanin ma'aikatan kamfanin ba a taɓa jawo ta ba sai ranar. Ta fita da sassafe da cikakken lodi, ta yi kilomita tara, tana tsakiyar hawan tudu injin ya yi ƙara sau biyu ya tsaya. Ya buga, in ji masu sana'ar, wato ƙarfe ya cije ƙarfe har ba ya juyawa.

Injiniya tana ƙarƙashin wata motar aka zo aka faɗa mata. Ta fito tana goge hannu. Makonni uku da suka wuce ita ta sauke injin nan, ta warware shi har noti na ƙarshe, ta sa masa sababbin metal, siraran kwanonin nan da sandar inji ke juyawa a cikinsu. Ranar Alhamis kuma ita ta yi masa juye da hannunta, lita ashirin da takwas na sabon mai. Babu wanda bai san haka ba a garejin, domin sai da aka yi rigima kafin a zuba man.

Tsofaffin wurin sun yi imani tsohon inji sai mai mai kauri, wanda in ka murza shi tsakanin yatsu biyu zai yi zare. Ita kuwa ta kawo littafin masu ƙera injin, ta ce tunda an mayar da cikinsa sabo, matsakaicin mai yake so, wanda zai ruga ya kai ko'ina da sanyin safiya. Babban Makanike ya sa wa man suna ruwan shayi. Mai Motoci ya saurari kowa, ya ɗauki maganarta, ya sayo duro guda. Karo na farko ke nan da aka fifita maganarta a kan ta tsofaffi cikin shekara uku da ta yi a wurin. Sunan Injiniya ma da ba'a aka fara kiran ta da shi, ta riƙa amsawa da ƙarfi har ba'ar ta gaji ta bar mata sunan.

Babban Makanike ya sa aka tura motar kan rami, ya sauka da kansa. Ya daɗe yana fama da notin da ke ƙasan kaskon mai, yana gunaguni, kafin ya kwance shi. Man bai zubo ba, saukowa ya yi a hankali kamar danƙo, baƙi ƙirin, ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a cikinsa. Tsohon ya tara yatsa, ya murza, ya ɗago kai ya dube ta.

"Wannan dai ba ruwan shayinki ba ne."

Mai Motoci yana tsaye a bakin rami. Ya tambayi wa ya zuba mai, aka ce ita. Ya tambayi ko wani ya taɓa injin bayanta, kowa ya ce a'a. Daga nan ya juyo, a gaban direbobi da makanikai da masu lodi, ya ce to ina man da ya saya? Ya ce an sha gaya masa ana karkatar da mai mai kyau a sayar a bakin titi, a ɗura wa mota tarkace, amma bai taɓa zaton ɓarauniyar ita ce wadda ya ɗauki maganarta ba.

Injiniya ta so ta yi magana, ta ga in ta buɗe baki kuka zai riga maganar fita, kuma tun ranar farko ta yi wa kanta alkawari garejin nan ba zai ga hawayenta ba. Sai ta sauka rami, ta sa hannu cikin tiren da man ya taru, ta lalubo notin da ɗan zoben jan ƙarfen da ake sa masa don kada ya yi yoyo. Ta naɗe su a tsumma ta riƙe gam.

Ƙarfe sha ɗaya Sufeton 'yan sanda ya iso. Siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kuma tun daga ƙofa ya faɗa cewa iyakar abin da ya sani a mota shi ne kunna ta. Ya karɓi makullin Dattijuwa ya sa a aljihu, ya ce kada wanda ya sake taɓa ta. Ya zauna a ofishin Mai Motoci ya sa aka kira Injiniya.

"Ke kika zuba man?"

"Ni na zuba, Yallaɓai. Amma ba wannan na zuba ba."

"Kowa haka yake cewa."

Ta buɗe tsumman a kan tebur. Ta bayyana masa cewa jan ƙarfe taushi gare shi, duk lokacin da aka ɗaure noti a kansa sai ya bar sawu guda. Ita a kowane juye sabon zobe take sawa, ta jefar da tsohon. Wannan kuwa sawu biyu ne a jikinsa, ɗaya ya hau kan ɗaya.

"An kwance notin nan bayana, aka sake ɗaurewa."

Sufeto ya ɗaga zoben ya duba shi a hasken taga.

"Ko kuma ke kika kwance kika sake ɗaurewa bayan kowa ya tashi."

Ta kai tsumman hancinta don ta sami abin yi, sai ta ji wani wari a bayan warin ƙuna, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta sake shaƙa. Ta ce masa man giya ne aka gauraya a ciki, mai kaurin nan da ake zuba wa akwatin giya, kuma ba kaɗan ba, zai kai kusan rabi.

Sufeto ya rubuta. Ya ce mai ƙara ya riga ya ambaci suna, kuma shi ba zai iya komawa hannu rabbana ba. Zai tambayi sauran mutane, ta biyo shi ta riƙa fassara masa maganar ƙarfe. In ƙarfe huɗu ta yi bai ga wani ba, da ita zai tafi, a rubuta tuhumar sata da zamba.

Ta fito daga ofis. Ba ɗakin tsarewa take tsoro ba. Garejoji bakinsu ɗaya ne, kafin magariba duk wani mai babbar mota zai ji cewa macen nan da ta yi karatun inji ta sayar da man kamfani. Ko da kotu ta wanke ta daga baya, babu wanda zai sake miƙa mata makulli. Waɗanda suka ce tun farko mace ba ta shiga rami za su ce ai ga shi nan.

Mai Sito suka fara gani, mutum mai ƙiba da ciwon gwiwa wanda ba ya tashi daga kujerarsa sai dole. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Kai ka ba da man?"

"Ni na auna, Yallaɓai, daga duron can. A gabana ta fara zubawa."

"A gabanka ta gama?"

"Na tafi salla kafin ta rufe."

Injiniya ta sa Sufeto ya tsoma sanda cikin duron da kansa. Man ya fito garau, kalar zuma. Ta kai shi wurin wasu motoci biyu da aka yi wa juye daga duron nan ranar Alhamis ɗin, ta zaro sandar awon kowacce ta nuna masa. Dukansu lafiya. Da suka dawo Sufeto ya tambayi man giya. Mai Sito ya buga duronsa da ƙafa, duron ya yi ƙarar wofi. Ya ce ya ƙare tun makonni biyu, galan na ƙarshe direban Dattijuwa ya ba wa, saboda akwatin giyarta da ke yoyo tun bara, kowa ya sani. Sufeto ya ce ke nan daga waje aka shigo da man giyar. Ya dubi gwiwoyin Mai Sito, ya dubi matakalar rami, ya ja layi a kan sunansa.

Injiniya ba ta damu ba, domin ita ta riga ta san wanda take zargi. Wa ya tsani man nan? Wa ya rantse a gaban jama'a cewa injin ba zai yi wata guda da shi ba? Da suka nufi rumfar Babban Makanike har sauri take.

Tsohon yana zaune yana wanke sifanoninsa da dizal, yana jera su bisa girma. Bai tashi ba.

"An ce ba ka son man da ta kawo."

"Ba na so. Har gobe ba na so."

"Kai ka sauya shi?"

Ya ajiye sifana ya dubi Injiniya, ba Sufeto ba.

"Yarinya, da ni zan ƙara wa inji kauri, da man inji mai lamba hamsin zan zuba. Man giya yana cin metal, wannan ko littafinki bai riga ni sani ba. Kawo notin nan."

Ta miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya nuna wa Sufeto kusurwoyinsa shida. Uku daga ciki sun cinye, sun yi sulɓi, da sababbin sawun haƙora a jiki. Ya ce abin da ya ba shi wahala da safe ke nan. Wanda ya kwance notin nan ba shi da sifanar da ta yi daidai da shi, da filaya mai haƙora ya kama ya murɗa. Ya ce shekararsa arba'in yana wannan aiki bai taɓa cin kan noti ba, kuma, ya ƙara da ƙyar kamar ana cire masa haƙori, ita ma yarinyar bai taɓa ganin ta ci ba.

Bayan haka ya ce tun yammacin Alhamis yana asibiti wurin matarsa da aka yi wa aiki, bai leƙo gareji ba sai yau. Sufeto ya karɓi lambar ɗakin jinya, ya fita ya buga waya, ya dawo ya ja layi na biyu.

Ƙarfe biyu ta wuce. Wanda Injiniya ta jingina duk zarginta a kansa ya fita fes, har ya ba ta shaida. Maganar notin ma ba ta wanke ta ba, domin Sufeto ya ce mai wayo yana iya ɗaukar filaya da gangan.

Saura direba. Injiniya Kawu take ce masa, ko da yake ba jini ya haɗa su ba. Abokin mahaifinta ne tun suna tuƙi tare, kuma bayan rasuwar mahaifin shi ya riƙo hannunta ya kai ta gaban Mai Motoci, ya ce a gwada ta ko da wata uku ne. Shekararsa ashirin da biyu a kan Dattijuwa. Tun da aka jawo motar yana zaune a kan wata tsohuwar taya, kai a sunkuye, ko ruwa bai sha ba. Sufeto ya kira shi ofis. Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaushe rabonka da motar kafin yau?"

"Asabar na kai ta wanki na dawo da ita, kamar kullum."

"Da safen nan ba ka ga wata alama ba? Ba ku da agogon da ke nuna mai?"

"Akwai, Yallaɓai. Allura tana sama cif, yadda na saba ganin ta. Shi ya sa na hau tudun da ƙarfin zuciya."

"Ka ga wani kusa da motar tsakanin Alhamis da yau?"

Kawu ya murza hularsa a hannu. Ya ce ba ya son ya faɗi abin da zai cuci 'yar amininsa, amma tunda hukuma ta tambaya, ranar Asabar da ya dawo daga wanki ya gan ta kusa da motar da jarka a hannu.

Gaskiya ne. Ta zo aikin rabin yini ranar Asabar, kuma ruwa ne a jarkar, na lagireton wata mota. Ta faɗi haka daga bakin ƙofa. Kawu bai ɗago ba. Sufeto ya sallame shi, ya ce wa Injiniya shi bai taɓa ganin ɓarawon da zai sace man mota sannan ya hau ta da cikakken lodi ya nufi tudu ba. Ban da haka, mutuwar motar nan babu wanda ta fi cuta kamar direbanta, tunda in babu mota babu aiki. Ya dubi agogo ya ce ta je ta kira gida, ta sa a kawo mata abin da za ta buƙata.

Ba ta kira ba. Me za ta ce wa mahaifiyarta? Ta je ta zauna a bakin rami, gefen da ba kowa, ta jingina da tayar Dattijuwa. Makanikai suna wucewa suna kau da kai. Wani ya yi dariya a can nesa, ta tabbata da ita ake, ko da ba da ita ake ba. Ta ƙura wa simintin ƙasa ido don kada ta dubi kowa. Uku da kwata. Uku da rabi.

Ɗigo ya faɗo a gabanta, a kan gefen ramin. Ta san wurin, daidai ƙarƙashin akwatin giya ne, yoyon nan na tun bara da Mai Motoci ya ƙi sayen robar gyaransa. Ba ta kula ba sai da na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi nan da nan. Ta san yoyon nan kamar yadda ta san tarin mahaifiyarta. Ɗigo ɗaya yake yi a minti biyar, mai nauyi, mai duhu. Wannan kuwa sauri yake. Ta miƙa yatsa ta taɓa. Mai ruwa-ruwa ne, kalar zuma da ɗan duhu kaɗan. Ta kai hanci, ta ji warin ƙwan ya kusa ɓacewa.

Ta daɗe tana kallon yatsan. Abin da ya zo mata a rai ba ta so shi ba, ta kore shi, ya dawo. Galan na ƙarshe da Mai Sito ya ambata. Filaya, wadda kowane direba ke ajiyewa a ƙarƙashin kujera. Sai kuma maganar allura. Ranar Alhamis da ta gama juye ta tada injin, Kawu ya leƙa agogo ya ce allurar ta tsaya a tsakiya, ba ta hau ba, ita kuma ta ce masa nan ne wurinta. Mutumin da ya bar allura a tsakiya ranar Alhamis, ya same ta a sama ranar Litinin, ai mamaki ya kamata ya yi, sai fa in ya san abin da ya ɗaga ta.

Ta miƙe, ta je ta tsaya a gaban Sufeto.

"Yallaɓai, man da ake cewa na sayar bai bar garejin nan ba. Yana cikin motar."

Sufeto ya dubi agogo, ya dube ta, ya tashi. Ta roƙi Babban Makanike ya kwance marfin akwatin giya da hannunsa, don kada a ce ita ta taɓa. Tsohon ya sauka, ya kwance, ya tsoma yatsa ya fito da shi. Ya ɗaga yatsan sama kowa ya gani. Jama'a suka fara taruwa. Mai Motoci ya fito daga ofis.

Ta ce a buɗe gaban motar. Sufeto ya sa makulli da kansa. A bayan kujerar direba akwai galan uku masu tambarin man giya, ɗaya wofi, biyu cike, an ɗaure bakinsu da leda. A ƙarƙashin kujerar ga filaya mai haƙora. Sufeto ya buɗe galan guda ya tsiyaya a kan kwali, man ya gudu kamar ruwa.

"Ruwan shayi," in ji Babban Makanike.

Sufeto ya ce ta yi bayani yadda mai kunna mota kawai zai gane. Ta yi, ba tare da ta dubi inda Kawu yake ba.

Ta ce duk tafiya ana ba direba galan na man giya don ya ƙara wa akwatin da ke yoyo. Shi kaɗai ke ƙara wa akwatin nan, babu makaniken da ke taɓa shi. Ya riƙa ajiye galan ɗin maimakon ya zuba, har uku suka taru. Ranar Asabar, a wajen gareji, ya kwance notin da filaya, ya tsiyaye kimanin lita goma sha biyu na sabon mai, ya mayar da notin da tsohon zobensa, ya ɗura man giya a inji. Sabon man kuwa direba ba ya iya zubar da shi a ƙasa. Akwatin giya ya riga ya yi ƙasa saboda an hana shi rabonsa, sai ya cika shi da galan guda, sauran biyun ya ajiye inda ba mai leƙawa.

"Don me?" in ji Sufeto. "Ba sayarwa ya yi ba."

"Don allura, Yallaɓai."

Ta ce agogon nan ba ya nuna yawan man da ke isa ga metal, ƙarfin da famfo ke turawa da shi kawai yake nunawa. In mai ya yi kauri, famfo yana shan wuya, allura ta hau, mai kallo ya ɗauka lafiya ce. A da, lokacin da cikin injin ya cinye, ratar da ke tsakanin sanda da metal ta buɗe, mai kauri yana samun hanya. Waɗannan tsofaffin injuna kuma an zuba musu ƙarfe ba ƙyashi, a hankali suke juyawa, suna iya haɗiye ganganci shekara da shekaru ba su nuna ba. Amma bayan gyara ratar ba ta kai kaurin gashin kai ba. Da sanyin safiya, da lodi, a kan tudu, man giya bai iya kutsawa ciki ba. Allura tana sama, metal yana ƙonewa a bushe.

Sufeto ya juya wurin Kawu, wanda ya taso daga kan tayarsa ya tsaya a bayan jama'a.

"Malam, haka aka yi?"

Kawu ya ce shekara goma sha biyar yana yi mata haka, duk bayan juye, a bayan wurin wanki, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya ce ranar Alhamis da ya ga allurar nan a tsakiya bai iya cin abinci ba, gani yake motar jini ne ya ƙare mata. Ya ce wallahi taimakon ta ya yi niyya.

"Wannan na ji. Jarkar fa? Ita ma taimako ce?"

Injiniya ta matsa gaban Kawu. Ta daɗe tana shirya abin da za ta ce wa wanda ya yi mata wannan, amma duk shirin don Babban Makanike ta yi shi, babu ko kalma ɗaya da ta dace da mutumin da ke gabanta.

"Kawu, kana zaune aka kira ni ɓarauniya."

"'Yata, na tsufa. In aka kore ni wa zai ba ni mota? Na ce ke kina da takarda, duk inda kika je za ki samu."

"Takardar ɓarauniya wa yake karanta ta?"

Sufeto ya ce tuhumar sata ta faɗi, tunda ga man nan a cikin dukiyar mai shi. Abin da ya rage shi ne lalata injin kamfani da ba hukuma shaidar da aka san za ta kai marar laifi ɗakin tsarewa, kuma direba zai bi shi ya rubuta bayani.

Mai Motoci ya yi gyaran murya, ya ce Injiniya ta zo ofis su yi magana, abin da ya faru rashin fahimta ne, kowa ɗan Adam ne. Ya riga ya juya yana tafiya, da tabbacin tana biye da shi. Ba ta motsa ba.

"Ranka ya daɗe, a nan ka faɗa. A nan za ka janye."

Ya tsaya. Direbobi da makanikai da masu lodi duk suna nan inda suke da safe. Wani daga cikin tsofaffin ya raɗa mata cewa ta yi haƙuri, babba ba ya ba yaro haƙuri a bainar jama'a, ta bi shi ciki kada ta ɓata abin da ya gyaru. Ta ji shi sarai. Ta san kuma mutumin nan yana iya cewa ta ajiye masa kayan aikinsa ta kama hanya, kuma gobe ba ta da inda za ta. Amma ta tsaya.

Babban Makanike ne ya sa baki. Ya fito daga rami yana goge yatsa, ya ce wa Mai Motoci sandar injin za ta gogu, gangar jikin ba ta tsage ba, amma shi idonsa ba ya ganin awon nan na ƙasa da gashi, in ana son motar ta koma hanya to ga mai yi nan.

Mai Motoci ya dubi motarsa, ya dubi jama'a. Ya ce, da muryar da ta kai har bakin ƙofa, Injiniya ba ta ɗauki ko ɗigon mansa ba, shi ya yi gaggawa, kuma ya janye kalmar da ya faɗa. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta gode ba.

Sufeto ya miƙa mata makullin Dattijuwa, ya taɓa kafaɗar Kawu. Sun kusa kai wa ƙofa tsohon direban ya tsaya, ya waiwayo. Ba ita yake kallo ba, motar yake kallo.

"'Yata, za ta tashi?"

"Za ta tashi, Kawu," in ji ta. "Amma ba kai za ka tada ta ba."